Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka: karɓa-karɓar Komoros da ranar 2029

Ranku ya daɗe, wakilan ƙasashe goma sha biyar da ke zama a wannan kwamiti a Adis Ababa, ina gaishe ku da aiki.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Maraɗi. Ban taɓa taka ƙasar Komoros ba, wato tsibiran nan da ke tekun Indiya, gabas da Afirka. Abin da ya haɗa ni da ita abokin ɗaki ne da muka yi karatu tare a Khartum shekaru da yawa da suka wuce, mutumin tsibirin Nzuwani, wanda Faransawa ke kira Anjuwan. Shi ya koya mini cewa kanumfarin da muke jefawa a shayi da kunun zaƙi toho ne na furen wata bishiya, ana tsinko shi da hannu tun bai buɗe ba, a shanya a bakin hanya har ya yi duhu. Kuma shi ya fara nuna mini tutar ƙasarsu, ya sa yatsa yana ƙirga taurarin da ke jikin jinjirin watan: huɗu. Ya ce Ngazija, Nzuwani, Mwali, Maore. Sannan ya ce na huɗun yana hannun Faransa, kuma gwaggonsa tana can, kilomita saba'in daga ƙauyensu, amma sai ya nemi biza kafin ya je gaishe ta.

Saboda shi nake sauraron labarin Komoros duk lokacin da rediyo ya ambace ta, abin da ba ya yawan faruwa. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan ɗaya ba. Birnin Kano kaɗai ya fi su yawa nesa ba kusa ba. Ina zargin ƙanƙantar nan ce ta sa kuka kawar da kai daga abin da ke faruwa a can, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da abin da ya tsaya mana a rai, mu mutanen Nijar. A watan Agustan 2023 wannan kwamiti naku ya dakatar da Nijar daga Tarayyar Afirka saboda sojoji sun kifar da gwamnati. Kafin watan ya ƙare kuka dakatar da Gabon. Ban zo jayayya da dokarku ba, doka ce, kuma kun riga kun yi wa Mali da Gini da Sudan da Burkina Faso haka. To amma wa ke riƙe da shugabancin Tarayyar a wannan shekara? Azali Assoumani ne, shugaban Komoros. Kanar ɗin soja ne da ya ƙwace mulki da bindiga ranar 30 ga Afrilun 1999. Shi ne ya wakilce mu a Indiya a watan Satumbar 2023 ranar da aka ba Tarayyar Afirka kujera a ƙungiyar G20. A majalisar shayi ta ƙofar gidana, wani dattijo da ya ji wannan sai ya yi dariya, ya ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Adalci dai shi ne a faɗi alherin mutum kafin laifinsa. Juyin mulkin 1999 ya zo ne ƙasar tana gab da wargajewa. A 1997 Nzuwani da Mwali sun ce sun ɓalle, har wasu a Nzuwani suka ɗaga tutar Faransa suna roƙon tsohuwar uwargijiya ta dawo, don sun gaji da ganin komai yana tsayawa a Moroni, babban birnin da ke Ngazija. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda kuka gada, ta sha wahala wajen sulhu. Daga ƙarshe aka sa hannu a yarjejeniyar Fomboni a watan Fabrairun 2001, aka rubuta sabon kundin tsarin mulki a ƙarshen shekarar, kuma zuciyar kundin abu ɗaya ne: karɓa-karɓa. Kowane tsibiri zai fitar da shugaban ƙasa bi da bi, wa'adi ɗaya, ya sauka ya ba na gaba. Azali ya ci zaɓen 2002 a matsayin ɗan Ngazija. Da wa'adinsa ya cika a 2006 ya miƙa mulki ga Ahmed Abdallah Sambi na Nzuwani ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A ƙasar da aka ƙirga juyin mulki da yunƙurinsa sama da ashirin tun samun 'yanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2011 Sambi ya miƙa wa Ikililou Dhoinine na Mwali, tsibirin da ya fi kowanne ƙanƙanta, wanda da a ce yawan jama'a kaɗai ake bi, har abada ɗansa ba zai zauna a wannan kujera ba.

Don kare wannan tsari ne kuka yi abin da ba ku saba yi ba. A watan Maris na 2008, da Kanar Mohamed Bacar ya ƙi sakin mulkin Nzuwani bayan wani zaɓe da ya shirya wa kansa, Tarayyar Afirka ta aika sojoji, akasari daga Tanzaniya da Sudan, suka sauka ta ruwa tare da sojojin Komoros. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu magana ta ƙare, Bacar ya tsere a kwalekwale zuwa Mayot, wato Maore, tsibirin nan da ke hannun Faransa. Ke nan kun taɓa ɗaukar zaman lafiyar waɗannan tsibirai da nauyin da har kuka sa rayukan 'ya'yan Afirka a kai. Ina so ku riƙe wannan a zuciya yayin da kuke karanta abin da ya biyo baya.

Azali ya dawo a 2016, da zagayen ya sake zuwa kan Ngazija. Bisa alƙawari, 2021 ta Nzuwani ce. Sai a watan Afrilun 2018 ya dakatar da Kotun Tsarin Mulki, ya mayar da ayyukanta ga Kotun Ƙoli. Ranar 30 ga Yuli ya kira ƙuri'ar raba gardama, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ce sama da kashi 90 cikin ɗari sun amince. Sabon kundin ya ba shugaba damar yin wa'adi biyu a jere, ya soke kujerun mataimakan shugaban ƙasa uku da ke wakiltar tsibiran, ya kuma share allo, wato shekarun da Azali ya riga ya ci ba su shiga lissafi ba. A watan Oktoba aka shafe kwanaki ana harbe-harbe a lungunan tsohon garin Mutsamudu, babban birnin Nzuwani, gwamnan tsibirin ya ƙare a tsare. A watan Maris na 2019 aka yi zaɓen gaggawa, Azali ya ce ya ci tun zagayen farko, 'yan kallon da Tarayyarku ta tura ma sun ba da rahoton kura-kurai masu yawa. Bayan shekara huɗu kuka ɗora shi a kan kujerar shugabancin nahiya.

Mu a Nijar mun san wannan waƙar baiti-baiti, har suna muka ba ta: tazarce. A 2009 marigayi Tandja Mamadou ya rushe majalisa, ya rushe Kotun Tsarin Mulki da ta ce masa a'a, ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙara wa kansa shekara uku. Mun ga yadda ta ƙare ranar 18 ga Fabrairun 2010, lokacin da aka ji ƙarar bindiga a fadar Yamai da tsakar rana. Wannan kwamiti bai dakatar da Nijar ba sai washegarin juyin mulkin. Wato an bar ciwon yana ruruwa wata da watanni, da ya fashe aka zo ana tsawata wa mugunya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma ban ga dalilin da zai sa teku ta kare Moroni daga abin da hamada ba ta kare Yamai ba.

Kuma ba a rasa doka ba. Yarjejeniyar Afirka kan dimokuraɗiyya da zaɓe da shugabanci, wadda aka amince da ita a Adis Ababa a 2007 ta fara aiki a 2012, a sashe na 23 ta lissafa hanyoyin da ake ɗauka a matsayin sauya gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Na farko juyin mulkin soja. Na biyar kuwa shi ne yi wa kundin tsarin mulki kwaskwarima ta yadda za a toshe ƙofar sauyin gwamnati ta hanyar dimokuraɗiyya. Duka biyun a shafi ɗaya suke. Na farkon kuna aiki da shi cikin sa'o'i. Na biyar ɗin yana nan kamar kayan ado a jeren amarya, ana gani ba a taɓawa. Yaran da na koyar, waɗanda yanzu suke tafa wa sojoji a titi, wannan bambancin suke nuna mini idan na yi musu maganar akwatin zaɓe, kuma nakan rasa amsar da zan ba su.

Ku dubi zaɓen 14 ga Janairun 2024. Hukumar zaɓe ta ce Azali ya samu kusan kashi 63 cikin ɗari, amma ta ce kashi 16 da 'yan kai ne kawai na masu rajista suka fito. Ƙuri'unsa dubu 33 ne da ɗoriya, abin da ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma zai iya samu a Katsina. Abin mamakin shi ne a rana ɗaya, a rumfuna ɗaya, aka yi zaɓen gwamnoni, kuma alƙaluman suka nuna mutanen da suka jefa wa gwamnoni ƙuri'a sun ninka na shugaban ƙasa nesa ba kusa ba. Matasa suka fito a Moroni, aka ƙona gine-gine, aka sa dokar hana fita, intanet ya yi ta yankewa, aka rasa rai. Da maganar ta je Kotun Ƙoli sai alƙaluma suka sauya kama: Azali ya koma kashi 57, masu fitowa kuma suka tashi daga kashi 16 zuwa kashi 56. Na koyar da lissafi shekara talatin. Ɗalibin da ya kawo mini amsa biyu irin waɗannan a kan tambaya ɗaya, sai ya zo allo ya nuna wa aji yadda ya yi.

Sai maganar Sambi. Ba na cewa waliyyi ne. Shi ma a 2009 ya taɓa kundin, ya ƙara wa'adi daga shekara huɗu zuwa biyar. A zamaninsa ne kuma aka yi dokar 2008 ta sayar da fasfo ga mutanen ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da ba su da takardar zama 'yan ƙasa, waɗanda ake kira Bidun, kuma jama'ar Komoros suna da haƙƙin sanin inda kuɗin ya shiga. To amma ku dubi yadda aka bi. An tsare shi a gida tun 2018, jim kaɗan bayan ya dawo ƙasar yana sukar shirin sauya kundi. Ya yi sama da shekara huɗu ba a gurfanar da shi ba. Zargin almundahana ya rikiɗe ya koma cin amanar ƙasa. A watan Nuwambar 2022 wata kotun tsaron ƙasa, wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Shi ne ɗan siyasar Nzuwani mafi nauyi, a daidai lokacin da ake danne wa Nzuwani zagayenta. Ko da yana da laifi, shari'ar da aka yi ta wannan hanya ba za ta gamsar da mutumin Mutsamudu ba.

Akwai wani abu kuma da bai kamata ya wuce haka nan ba. Ranar 13 ga Satumbar 2024 wani matashin soja ya kai wa Azali hari da wuƙa a wajen jana'iza a Salimani, kusa da Moroni. Allah ya kiyaye, rauni kaɗan ya ji, kuma babu mai hankalin da zai goyi bayan irin wannan. An kama yaron da ransa. Washegari hukuma ta ce an same shi a mace a ɗakin da aka tsare shi. Wanda ke hannun hukuma amana ne, komai girman laifinsa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyarku tana nan a Banjul, kuma irin wannan tambayar aka kafa ta domin ta yi.

A cikin wannan shekarar dai Azali ya naɗa ɗansa Nour El Fath babban sakataren gwamnati, sannan ya faɗaɗa ikon ofishin har ya zama takardun ministoci da na gwamnoni sai sun bi ta teburinsa. A watan Janairun 2025 ɗan ya shiga majalisa a zaɓen da manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa. Fadar shugaban ta musanta cewa ana shirin gado. Madalla. Amma mun ga Togo, mun ga Gabon, mun ga Chadi, kuma kun fi ni sanin yadda kowace ta kasance.

Na san abin da wasunku za su ce: matsalar Komoros Faransa ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan rage ta ba. A ƙuri'ar 22 ga Disambar 1974 kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanen tsibiran huɗu suka zaɓi 'yanci. Faransa ta ƙirga tsibiri-tsibiri, ta ce Mayot ta ƙi, ta riƙe ta. Ahmed Abdallah, shugaban ƙasar na farko (ba Sambi ba), ya ayyana 'yanci ranar 6 ga Yulin 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a watan Nuwamba a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, Faransa kuma ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu a 1976. Ba a yi wata ɗaya da 'yanci ba aka kifar da Abdallah, kuma sojan haya Bafaranshe Bob Denard ya sa hannu wajen kammala aikin. A 1978 Denard ɗin nan dai ya dawo ta ruwa da 'yan barandansa, ya kifar da Shugaba Ali Soilih, wanda aka kashe bayan makonni biyu, ya mayar da Abdallah. Ya zauna shekara goma sha ɗaya yana juya dakarun fadar shugaba, da kuɗin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, ya ce ya musulunta, har da sabon suna da aure. A watan Nuwambar 1989 aka harbe Abdallah a fadarsa Denard yana wurin, kotun Faransa ta wanke shi bayan shekara goma. A 1995 ya sake dawowa ya kama Shugaba Said Mohamed Djohar. Ƙasar da aka yi wa wannan wasan kura tun tana jaririya, ba abin mamaki ba ne in ta tashi da ɗingishi.

Kuma ciwon Mayot bai warke ba. Tun Janairun 1995 Faransa ta sa wa mutanen sauran tsibiran uku biza, wadda suke kira bizar Balladur, da sunan firaministan lokacin. Daga nan ziyarar dangi ta koma fasa-ƙwauri. Abokina ya taɓa zana mini kwalekwalen da suke kira kwasa-kwasa a bayan littafin nahawu: siriri, na roba mai tauri, da inji ɗaya ko biyu a baya, an yi shi don masunta 'yan kaɗan amma a cusa mutum talatin ko arba'in, da mai ciki da ke neman asibiti, da tsoho mai ciwon suga, da akuya wani lokaci. Ya ce da dare ake tashi, ba fitila, don kada jirgin sintiri ya hango, kuma ana hana kowa motsi domin ruwa yana dab da bakin jirgin. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum dubu 7 zuwa dubu 10 ne suka halaka a wannan mashigi tun 1995. Mayot ta zama cikakken lardin Faransa a 2011. A 2023 Faransa ta ƙaddamar da samamen Wuambushu na rusa gidajen kwano da korar marasa takardu, kuma a watan Disambar 2024 guguwar Chido ta daidaita waɗannan unguwanni, inda da yawa suka ƙi zuwa mafaka don tsoron kamu.

Duk wannan haka yake. Amma ku tambayi kanku me ke sa uwa ta ɗauki jaririnta ta shiga wannan kwalekwale. Asibiti take nema, da makaranta, da aikin da zai ciyar. Denard ya mutu tun 2007. Ba shi ya dakatar da Kotun Tsarin Mulki a 2018 ba, ba shi ya rubuta alƙaluman 2024 ba. Kuma duk ranar da mutumin Mayot ya kunna talabijin ya ga hayaƙi a Moroni, sai ya ƙara riƙe fasfonsa na Faransa da kyau. Kowace shekara shugabannin Komoros suna ambaton Mayot a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyarku tana mara musu baya a takarda. Hujjar da za ta fi wannan ƙarfi ita ce a ga tsibirai ukun da ke hannu suna zaune da juna bisa alƙawari.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma bai kai aika soja ba. Ko a ƙarƙashin kundin 2018 ɗin da Azali ya kawo da kansa, wa'adinsa yana ƙarewa a 2029, kuma zagayen Nzuwani ne. Ku sa Komoros a jadawalin zamanku tun yanzu, ku faɗa a fili, cikin sanarwa mai lamba da kwanan wata irin wadda kuka fitar a kan Nijar, cewa Tarayyar Afirka na ɗaukar wannan rana a matsayin alƙawarin da ta tsaya wa shaida tun Fomboni, kuma duk wata sabuwar kwaskwarima da za ta ɗage ta, ko ta sauya ma'anar wane ne ɗan Nzuwani don a shigo da wani ta taga, za a auna ta da sashe na 23. Ku tura dattawan Tarayyar su zauna da gwamnati da 'yan adawa, har da waɗanda ke gudun hijira a Marsel da Paris, a kan hukumar zaɓe da rajistar masu ƙuri'a, tun da sauran lokaci. Ku nemi a bar likitoci masu zaman kansu su duba Sambi, a kuma ba shi kotun da ake ɗaukaka ƙara. In 'yan kallonku sun je zaɓe sun ga ɓarna, kada rahotonsu ya ƙare a aljihun tebur.

Wakilin Najeriya, ranka ya daɗe, kai na fi kallo a wannan zaure, domin ƙasarka ba ta taɓa barin kujerar kwamitin ba tun kafa shi a 2004, kuma ita ma ta san karɓa-karɓa tsakanin kudu da arewa, ta san abin da majalisarta ta yi wa yunƙurin wa'adi na uku a 2006. Kai ne za ka fi saurin gane abin da mutumin Nzuwani yake ji idan aka ce masa ya ƙara haƙuri.

Abokina yana nan da ransa, yana limanci a wani ƙaramin masallaci a tsibirinsu. Mukan yi magana ta WhatsApp jefi-jefi, idan wuta da intanet sun yarda. Da na ce masa zan rubuta muku, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta, amma kada in sa sunansa ko na ƙauyensu.

Na gode da sauraro. Allah ya ba ku ikon riƙe amana.

Naku,
Wani tsohon malamin lissafi,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.